Yadda ake fentin jitar da aka ƙera a gida, farar ɗamararta ta fita tsaf

Idan ka sassaƙa gangar jita da hannunka, ka fafe gurbin wuya, ka zagaye gefenta da farar ɗamara, ka yi aiki babba, amma akwai sauran rina a kaba. Mai kallon jita mai ɗamara ba launi yake fara gani ba. Idonsa yana sauka ne kan siririn layin da ya raba launi da farin gefe, ya bi shi har ya zagayo. In layin ya miƙe sumul, ko da fentin gwangwani ka yi aikin, za a zaci daga waje aka kawo ta. In ya karkace, ko ja ya zurara cikin fari, tsadar fenti ba za ta rufa maka asiri ba. Salatif kaɗai ba ya fitar da wannan layi, reza ce ke fitar da shi, kuma yawancin abin da zan faɗa shiri ne don rezar ta sami aiki mai sauƙi.

Ɗamarar da nake nufi ita ce siririyar robar da ake kafawa cikin gurbi a kusurwar ganga, kaurinta wajen milimita 1.5, faɗinta wajen milimita 6. Galibi robar ABS ce ko selulod, wasu kuma da katako mai haske suke yin ta. Bayan ado, tana kare kusurwa daga bugu, a jita mai rami kuma tana toshe bakin katakon fuska inda danshi ke shiga. Jitar Les Paul ta kamfanin Gibson da ɗamara ta fito tun 1952, kamfanin Fender kuma ya sa wa jitarsa Telecaster Custom gaba da baya a 1959. Har yau a masana'antar Gibson fesa launi ake yi a kan ɗamarar, sannan ma'aikata su kankare ta da hannu, jita bayan jita.

Lokaci da wuri

A Maradi yanayi ne ke yanke hukunci kafin gwanintar hannu. Cikin bazara, Afrilu da Mayu, zafi yana haura digiri 40, fenti ya bushe a iska tun bai isa katako ba, ya sauka gari-gari, ka shafa ka ji kaushi. Cikin damina, musamman Agusta, danshi ne matsalar: idan ya wuce kashi 65 zuwa 70 cikin 100, tururin ruwa yana maƙalewa a cikin fenti mai saurin bushewa, ya bar farin hazo a kan launi. Hunturu yana da bushewar da ake so, sai dai ƙura. Ni a ganina babu kamar Nuwamba zuwa farkon Disamba, bayan ruwa ya ɗauke, kafin hazo ya kankama. Ka yi feshi da safe, tsakanin ƙarfe 7 da 9, lokacin da iska take kwance. Idan safiyar ta yi sanyi, ka tsoma gwangwanin fenti cikin ruwa mai ɗumi na minti 10, ɗumin da hannu zai iya zama a ciki, ba ruwan zafi ba.

Akwai maganar katakon kansa. Yawancin katakon da ke hannun kafintocin garin nan daga kudu yake zuwa, inda iska take da laima, kuma yana isowa da ruwansa a jiki. Wanda bai sha hunturu ɗaya a Maradi ba zai ci gaba da tsukewa bayan ka gama fenti. Roba ba ta bin katako wajen tsukewa, sai ka wayi gari ka ga tsaga ta bi layin ɗamara. In kana shakkar bushewar gangarka, rataye ta a ɗaki wata ɗaya ko biyu tukuna.

Ɗakin aiki ya kasance mai taga da ƙofa, a share shi tun daren jiya, a yayyafa ruwa a ƙasa kafin a fara. Ka tanadi babban kwali mai tsabta ko kabad da za ka rataye jitar a ciki da zarar ka gama kowane feshi. Tururin tina, wato ruwan sirka fenti, yana kama wuta nan take, don haka murhun shayi, sigari, janareta da duk abin da ke tartsatsi su yi nisa da wurin. Ka sayi takunkumi mai matatar gawayi irin na masu fentin mota. Rawani ko ƙyalle yana tare ƙura, ba ya tare tururin da ke cutar da huhu da ƙwaƙwalwa. Yara kada su shigo.

Wane fenti?

Iri uku ne za ka samu a shagunan kayan fenti na cikin gari ko wajen masu kawo kaya daga Katsina da Kano. Na farko shi ne naitiro, wanda za ka ga an rubuta cellulosique ko NC a jikin gwangwaninsa. Asalinsa fentin mota ne, kamfanin DuPont na Amurka ya fitar da shi da sunan Duco a shekarun 1920, kuma launukan motoci ne Fender ya riƙa shafa wa jitocinsa a shekarun 1950 da 1960. Kowane sabon shafi yana narkewa cikin na ƙasansa su zama ɗaya, shi ya sa gyaransa ke da sauƙi, kuma yana kankaruwa lafiya daga kan roba. Aibinsa jinkirin ƙarfafa, sannan yana komawa ruwan ɗorawa da shekaru, farar ɗamara ta zama ruwan madara. Na biyu fentin akirilik na gwangwanin feshi, shi ma yana kankaruwa, ba ya sauya launi, amma yana daɗewa da taushi. Na uku fentin mota na zamani mai haɗi biyu, wanda ake kira 2K. Yana da ƙarfi, yana gama bushewa cikin kwanaki kaɗan, sai dai sinadarin da ke ƙarfafa shi guba ne ga huhu, ba na fesawa a tsakar gida ba ne. In shi kake so, kai ka yi launi da kankara, ka kai wa mai fentin mota ya fesa maka man sheƙi, wato fenti garai marar launi na ƙarshe, bayan kun gwada a guntun katako kun ga bai cinye launin ba.

Ga mai farawa, naitiro nake zaɓa. Fentin mai na ƙofa da taga kuwa ka bar wa ƙofa da taga: ba ya ƙarfi sosai, yana naɗewa a bakin reza, kuma duk man sheƙin naitiro da ka fesa a kansa sai ya yamutse. Ka tsaya kan iri ɗaya tun daga shimfiɗa, wato fentin da ake sawa a ƙarƙashin launi, har man sheƙi, in da hali ma na kamfani ɗaya. Idan da gwangwanin feshi mai mililita 400 za ka yi aiki, ganga ɗaya takan ci gwangwani 1 na shimfiɗa, 1 ko 2 na launi, 3 ko 4 na man sheƙi, wanda ake rubuta vernis a jikinsa.

Kafin komai, ɗauki guntun katakon da ya rage daga gangar, ka manna masa ragowar ɗamara a gefe. Duk abin da za ka yi wa jita, fara yi wa wannan guntu. A kansa za ka gane ko fenti biyu sun jitu, a kansa za ka koyi riƙon reza.

Gyaran katako da ɗamara

Fara da daidaita ɗamara da katako har yatsa ya wuce bai ji tudu ba. Da ƙarfen kankara ko reza ake wannan, domin samfefa mai kaushi tana barin zane mai zurfi a roba, kuma tana cusa garin katako mai duhu cikin farin. Idan ka ga 'yar kafa tsakanin ɗamara da katako, yanka ragowar robar ƙanana-ƙanana cikin kwalba, zuba asiton kaɗan, rufe har ta narke ta yi kauri, ka cusa a kafar da tsinke. Washegari ka kankare. Launinsu ɗaya, babu wanda zai gane wurin. Asiton zalla ake so, na goge farce yakan zo da mai a ciki.

Sai samfefa a katako: lamba 120, 180, 220, a naɗe a guntun katako mai shafaffen ciki, ana bin tsawon jijiyar itace. Inda katako ya lotsa saboda bugu, ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle ka taɓa da bakin dutsen guga mai zafi, tururi zai taso da shi, amma kada zafin ya kusanci roba. Bayan 220 ka shafe gangar da ƙyalle mai ɗan laima, gashin katako zai miƙe, in ya bushe ka kwantar da shi da lamba 320. Wannan laimar za ta kuma tona maka inda gam ya ɓuya, don wurin ba zai yi duhu tare da sauran ba. Kankare shi yanzu. Daga ƙarshe ka ɗan kashe kaifin kusurwar ɗamara da 320, domin fenti ba ya zama a kan kaifi.

Rufe gurbin wuya da salatif na takarda, ka ɗaure sanda a ciki da sukuru biyu, ita ce mariƙinka kuma da ita za ka rataye. Allon yatsu na baƙin katako ba a yi masa fenti, rufe shi. A jita mai rami ka rufe daidai inda gada, wato katakon da ke riƙe tsirkiyoyi a fuskar jita, za ta zauna, ka rage milimita 1 ko 2 daga kowane gefe, saboda gam katako tsirara yake kamawa. Ramin sauti kuma toshe shi daga ciki da faifan kwali da soso a ƙarƙashinsa.

Cike ƙofofin katako

Maɗaci, ɗan gidan su mahogani da ake yin manyan jitoci da shi, yana da ƙananan ƙofofi a duk jikinsa. Iroko ma haka. In ba ka cike su ba, fenti zai yi ta nutsewa ciki, bayan wata biyu fuskar jita ta cika da ɗigo-ɗigo. Fara fesa man sheƙi siriri sau ɗaya a kan komai har da ɗamara, don kada abin cikon ya rina ta. Sannan ka shafa abin cike ƙofofi na kafintoci, in babu shi gam ɗin efoksi mai garai kuma mai jinkirin kamawa yana yi. Da tsohon katin roba ake shafawa, ana gitta jijiyar katako, ana dannawa, ana kwashe rarar. A ƙofofin kawai ake son ya zauna. In ya bushe ka bi da 320, ka ɗaga gangar saitin hasken taga ka duba ta a karkace. Maɗaci yakan nemi zagaye biyu. Mastik na mota yana toshe babban rami idan launi mai rufewa za ka yi, amma ba a ƙarƙashin launi mai nuna katako ba.

Bayan nan fesa man sheƙi sau 2 ko 3 a kan komai, ka bari ya kwana, ka daidaita da lamba 400. Wannan shafi yana da amfani biyu. Yana hana katako shan launi, kuma yana shiga tsakanin roba da launi. Jan launi musamman yana da halin kutsawa cikin farar roba ya mai da ita ruwan hoda, in kuwa ya shiga, reza ba ta fitar da shi.

Salatif

Ɗamara tana da fuska biyu: mai faɗi da ke kallon gefe, da siririya da ke kallon sama. Mai faɗin ita ake rufewa da salatif. Siririyar, mai milimita 1.5, ba a wahalar da kai a kanta, barinta ake yi fenti ya hau, reza ta kwashe.

Nemi siririn salatif na roba mai milimita 3 ko 6 da masu fentin mota ke ja layi da shi, don yana bin lanƙwasa ba ya tattarewa. In bai samu ba, manna na takarda a kan gilashi ka tsaga shi da rula da reza. Wajen mannawa kada ka kai shi daidai kan layin da roba ta haɗu da katako. Bar kamar rabin milimita na robar a buɗe ta ɓangaren katako. Fenti zai hau wannan ɗan wuri, kai kuma ka kankare shi daga baya ka sami layi mai kaifi. Idan salatif ya haura kan katako ko da kaɗan, za ka sami zaren katako tsirara tsakanin launi da fari, gyaransa kuwa ya fi wuya. Bi bakin salatif da bayan farce ka danne shi, musamman a ƙugun jita da cikin ƙaho. Kada ka ja shi da ƙarfi a lanƙwasa, zai koma ya ɗage da kansa. Kuma kada ya wuce kwana biyu a jiki, zafin garin nan yana narkar da gam ɗinsa ya bar danƙo a kan roba.

Feshin launi

Idan launi mai rufewa ne, fara da fentin shimfiɗa: fari a ƙarƙashin ja, rawaya ko shuɗi mai haske, ruwan toka a ƙarƙashin masu duhu. Shafi 2, ya kwana, a daidaita da 400 ko 600. Duk lotsawar da ka gani yanzu ka gyara ta, launi ba ya ɓoye aibi, ƙara fito da shi yake yi, baƙi ya fi kowanne tona asiri.

Girgiza gwangwani minti 2 cikakku. Riƙe shi santimita 20 zuwa 25 daga ganga. Fara danna feshi a iska kafin ka iso jitar, ka wuce ta kafin ka saki, kowane layi ya hau rabin na bayansa. Gefuna tukuna, sannan baya, sannan fuska. Shafin farko ya zama yayyafi kawai, kana hango shimfiɗa ta cikinsa. Ka ba da minti 20 zuwa 30 tsakanin shafi da shafi. Da zarar launi ya rufe ko'ina daidai, galibi a shafi na 3 ko na 4, ka tsaya. Wannan shi ne wurin da masu farawa suke zarcewa, suna neman sheƙi daga launi. Sheƙi aikin man sheƙi ne. Duk ƙarin launi ƙarin tudu ne a bakin ɗamara, kuma kai ne za ka sha wahalar binne shi.

Mai aiki da bindigar feshi da kwamfuresa ya zubar da ruwan tankin kowace safiya, ya sa matatar ruwa a tiyo, ya tace fenti da ƙyalle mai laushi, ya sirka shi da tinar da ta dace da irinsa.

Bayan kamar awa ɗaya, fenti ya daina kama yatsa amma bai ƙarfafa ba, cire salatif. Ja shi a hankali, kana naɗe shi baya a kan kansa, kana nesanta shi da launi.

Kankara

Ga inda aikin yake. Lokacinsa yana da iyaka ta gaba da ta baya. In ka yi sauri, fenti yana da taushi, zai naɗe a bakin reza ya shafu a kan fari. In ka bari ya yi kwanaki, zai yi ƙarfi ya riƙa ɓantarewa, layin ya yi haƙora. Ga naitiro a bushewar Nuwamba, daga awa 3 zuwa washegari da safe ne daidai. Guntun gwajinka zai faɗa maka gaskiya: in reza ta fitar da fenti siriri a nannaɗe, lokaci ya yi. Kafin ka fara, yana da kyau ka yi wa launin yayyafin man sheƙi sau ɗaya, don kada yatsa ko gari su ɓata shi, musamman launi mai ƙyalƙyalin ƙarfe wanda ba ya son taɓi.

Rezar aski mai baki biyu ta cika laushi, tana lanƙwasa. Bakin wuƙar kata sabo, ko reza mai baki ɗaya, ya fi. Ka yi mata mariƙi mai iyaka: samo sanda mai kaurin babban yatsa, tsaga kanta da zarto, zura rezar a tsagar har abin da ya leƙo ya yi daidai da kaurin ɗamara, ka matse da sukuru. Jikin sandar zai riƙa bin gefen jita, rezar ba za ta iya wuce inda ka tsayar da ita ba. Naɗa wa sandar salatif inda take gogar gefe don kada ta yi zane. Gwanaye da babban yatsa kawai suke yin wannan iyaka, amma wannan sai hannu ya faɗa.

Shimfiɗa tawul mai tsabta, wanke hannu, zauna inda haske ke zuwa daga gefe. Tsayar da rezar kusan a miƙe a kan roba, ka ɗan karkata ta wajen da kake ja, ka jawo ta wajenka santimita 5 zuwa 8 a kowane ja. Kankara ake yi, ba yanka ba. Riƙe ta yadda wanzami ke riƙe aska a kan jariri ranar suna, nauyin hannu kawai, babu dannawa. Ja na farko zai ɗauke rabin fentin, na biyu ko na uku ya fito da fari. Fara da siririyar fuskar sama, ka zagaye, sannan ka sake saita rezar ka kwashe rabin milimitar da ka bari a gefe.

Ka lura da abu guda: ɗamara ba kauri ɗaya take da shi ko'ina ba. Inda ka fi kankare ta wajen daidaitawa, kamar ƙugu da bakin ƙaho, ta fi siranta. In ka bi da saiti ɗaya, rezar za ta ci launi ta fito da katako. Don haka saita ta da wuri mafi siranta, ka zagaye duka, sannan ka dawo ka faɗaɗa sauran da ido. Ido layi mai tafiya daidai yake so, ko da ɗan launi ya rage a kan robar ta ciki, ba wanda zai sani. Sauya reza da zarar ta fara tsalle ko ƙara. Garin fenti kuma hure shi ko ka share da burushi mai laushi. Kada ka kuskura ka goge ɗamara da tina, tana narkar da ABS da selulod, ta kuma jawo launi cikin farin.

In hannu ya goce reza ta ci launi, ba a fasa aiki. Fesa ɗan fenti a murfi, ɗauka da siririn burushi ko tsinken ashana, ɗiga a wurin, ya bushe, ka sake kankarewa.

Man sheƙi

Shafi biyun farko su zama yayyafi, da rabin awa a tsakani. Shafi mai nauyi a wannan mataki zai narkar da launi ya gangaro da shi kan farin da ka gama wahala a kansa. Daga na uku ka fesa shi jiƙe, yana sheƙi amma bai kai ga zuba ba. Shafi 3 a rana, awa ɗaya ko fiye a tsakani. Bayan shafi 6 ka bari ya kwana biyu, ka daidaita da lamba 600 a busashe, kana kauce wa kusurwa. A nan za ka ji tudun da ke tsakanin launi da ɗamara ya fara ɓacewa. Ƙara shafi 4 zuwa 6, kana ba gefuna kaso mai ɗan yawa, domin can samfefa ta fi ci. Jita mai rami a rage mata, fenti mai kauri yana danne muryar katakon fuska.

In fenti ya zuba ya yi hawaye, kada ka taɓa shi a jiƙe. Bayan kwana biyu naɗa salatif a gefe biyu na reza, ka bar tsakiya, ka kankare tudun har ya yi daidai. Farin hazo yakan tafi idan ka fesa wani shafin a lokacin da iska ta bushe. Ƙananan ramuka masu zagaye da fenti ke gudu daga tsakiyarsu alamar mai ne ko silikon, daga hannu, daga man shafawa, ko daga ƙyallen da aka taɓa goge mota da shi. Ƙura ko ƙwaro in sun faɗa, bari ya bushe, ka cire da 600.

Sai jira. Naitiro yana buƙatar mako 3 zuwa 4 a rataye a inuwa, inda iska ke wucewa. Kada ka shanya jitar a rana don ta yi sauri, kada ka bar ta dab da rufin kwano: sama zai bushe ya kulle tina a ciki, ƙuraje su taso. In ka kai hanci ka ji warin tina, ba ta gama ba. In ka danna farce a wurin da ba zai fito fili ba ya bar alama, ba ta gama ba. Wanda ya goge da wuri zai ga sheƙi a ranar, bayan wata ɗaya fenti ya tsuke, zanen samfefa ya dawo.

Gugar ƙarshe

Toshe kowane ramin sukuru da kakin zuma. Ruwa in ya shiga rami, katako yana kumbura ya tsaga fentin da ke kewaye. Jiƙa samfefar ruwa na awa ɗaya a ruwa mai ɗigon sabulu, naɗe ta a guntun roba mai ɗan tauri, ka fara da lamba 800 a shimfiɗaɗɗun wurare. Goga kaɗan, share, duba. Abin da kake nema shi ne fuskar ta dushe baki ɗaya, babu ɗigon sheƙi ko ɗaya, don kowane ɗigo rami ne. Daga nan 1000, 1500, 2000, kowace lamba tana share zanen ta bayanta. Sauya ruwa a kowace lamba, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ja maka layi daga ƙugu zuwa gindi.

Ruwan da ke fita fari ne. Da ka ga ya ɗauki launi, ka huda man sheƙi, tsaya nan, ka busar, ka sake fesawa. A kan ɗamara wannan gargaɗi ba ya zuwa, domin garin man sheƙi fari ne, garin roba ma fari ne, za ka iya cinye shafin duka ba ka sani ba sai daga baya wurin ya fita daban. Saboda haka lamba 800 da 1000 kada su taɓa kusurwa. A can fara da 1500, da yatsa, ja biyu ko uku.

Folish na mota marar silikon, mai kaushi sannan mai laushi, da tsohuwar rigar auduga da aka wanke. Yi da hannu, wuri kaɗan-kaɗan, kana zagayawa har sheƙi ya taso. Injin guga yana sauri, amma zafinsa yana ƙona fenti a kusurwa cikin ƙiftawar ido.

Wajen haɗawa, bi bakin salatif na gurbin wuya da na gada da reza kafin ka ɗaga, in ba haka ba zai taso da fentin gefe. Share fentin da ya taru cikin ramukan maɗauran tsirkiya da samfefa a naɗe a fensir kafin ka cusa su, ka kuma ɗan buɗe bakin kowane ramin sukuru da hannu, don sukuru yana ɓantare fenti in ya shiga a matse. Allon yatsu ɗigon mai kaɗan ya ishe shi, a goge rarar.

Naitiro yana da abokan gaba a gidajenmu. Maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET yana narkar da shi, turare mai barasa yana barin tabo, robar da ake naɗa wa maratayin jita da igiyar rataya ta leda suna cin fenti in sun daɗe a jiki. Naɗa ƙyallen auduga a maratayin. Igiya kuwa ga fatar jar akuyar Maradi a hannun dukawa, ta fi leda ƙarfi da daɗin kafaɗa. Ka roƙi baduku ya bar cikinta da bakinta biyu ba rini, domin jan rinin fata yana zuba da gumi ya kama farar ɗamara, kuma ka riƙa cire ta kafin ka mai da jitar cikin jakarta.